Kundin aiki: sabunta ruwan azurfar tsofaffin kayan tebur a Aboabo, Kumasi

Litinin, 8 ga Janairu 2024

Kaya sun iso shago cikin akwatin ƙarfe, a naɗe da tsofaffin jaridu, cokulan kuma an ɗaure su da roba. Manyan cokula 12, masu yatsu 12, na shayi 11, wuƙaƙe 6, butar shayi, mazubin sukari, mazubin madara, sai tire ɗaya. Hajiya mai kayan ta gaje su ne daga mahaifinta, tana so a yi wa dukansu sabon ruwan azurfa kafin azumi, don kayan ɗakin jikarta. Aka ce mata, "Hajiya, a ba mu lokaci mu duba tukuna, ba duka ne ke son ruwa ba."

Duk inda roba ta zauna ta bar baƙin layi da ya ci cikin azurfar. Akwai farar wuta a jikin roba, kuma farar wuta ce ke haɗuwa da azurfa ta haifar da baƙin nan. An wanke komai da sabulu da ruwan ɗumi, an shanya, an ɗaura wa kowane lamba da zare, an auna shi a sikelin da ke karanta 0.01 na giram. Da wannan nauyin za a riƙa gwada duk abin da zai biyo baya.

Laraba, 10 ga Janairu

Karatun tambura da gilashin ƙara girma. Manyan cokula da masu yatsu suna ɗauke da EPNS, da A1, da 'yar tuta, alamar Walker & Hall na Shefild a Ingila. EPNS na nufin an yi wa farin ƙarfen nikel ruwan azurfa da lantarki. Shi farin ƙarfen babu ɗigon azurfa a cikinsa: kimanin kashi 60 jan ƙarfe ne, 20 nikel, 20 tutiya. A1 kuwa kamfani ne ke buga wa kayansa don nuna babban aji, ba hukuma ba, saboda haka ba ya gaya maka kaurin azurfar.

Buta da mazubai biyu suna da EPBM da alamar kakaki ta James Dixon & Sons. Wannan ƙarfen Biritaniya ne, fiye da kashi 90 ɗinsa kuza, sauran antimoni da ɗan jan ƙarfe. Yana narkewa a wajen digiri 250, ga taushi, in ka ƙwanƙwasa shi ba ya amo. Shi ne zai fi cin lokaci.

Cokalin shayi ɗaya ya fita daban: zaki mai tafiya da anka, wato azurfa ce ciki da waje mai 925 (kashi 925 cikin dubu), an tantance ta a Bamingam. An ware shi, guga kawai yake so. Masu sayen tsofaffin kaya a Kejetia da Adum su lura, kamfanonin da sukan jera haruffa cikin 'yan garkuwoyi don daga nesa su yi kama da tambarin azurfa ta gaske. A nemi zakin. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, domin azurfa da farin ƙarfen nikel duk ba sa kama shi. Launin wurin da ya goge ya fi faɗin gaskiya: ja jan ƙarfe ne, fari mai ɗan rawaya nikel, toka-toka kuma ƙarfen Biritaniya.

Asabar, 13 ga Janairu

Tiren ba shi da tambari, kuma jan ƙarfe ya leƙo a kan tudun zanensa. A bayansa an ga gefen a naɗe yake, an lanƙwaso azurfar sama ta rufe bakin, farce na kama layin. Aikin lantarki ba ya buƙatar wannan naɗi, tunda ruwan yana kewaye baki da kansa. Alama ce ta tsohuwar hanyar Shefild, wadda Thomas Boulsover ya gano a wajen 1743: a ɗora fallen azurfa a kan curin jan ƙarfe, a gasa su haɗe, a murza su zama falle guda, sannan a ƙera kaya da shi. Wannan sana'a ta fara mutuwa bayan 1840, shekarar da George da Henry Elkington na Bamingam suka yi rajistar shafen lantarki, bisa ruwan sayanayid da likita John Wright ya gano.

Shawarar shago: ba za a tsoma tiren ba. Sabon ruwa zai rufe jan, amma zai mai da shi tire na kowa da kowa, darajarsa ta faɗi wurin waɗanda suka san kaya. Fallen azurfar da aka murza tana da wani sanyin haske da lantarki ba ya bayarwa. Hajiya ta so ta ga ya yi fes, aka nuna mata naɗin gefen, ta amince. Garin alli mai laushi da ruwa da auduga, da hannu, shi ke nan. Ba a yi masa dabarar nan ta takardar alminiyam da bekin soda da ruwan zafi ba. Dabarar tana cire baƙi kam, amma har da na cikin ramukan zane wanda shi ke fito da furannin.

Alhamis, 18 ga Janairu

Cire tsohuwar azurfa daga cokula 34. Ba a ɗora sabuwa a kan tsohuwa mai faci-faci, domin bakin kowane faci zai fito a saman sabuwar. A bahon shafen lantarki azurfa na barin abin da ke jar waya ta hau abin da ke baƙar waya, don haka an juya wayoyi a baho na daban: cokali a jar waya, farantin ƙarfe marar tsatsa a baƙar waya. Azurfar ta bar cokali ta koma kan faranti, daga baya a kankare ta a narka. Ana ɗagowa kowane minti biyu a duba, don da azurfar ta ƙare sai ruwan ya soma cin farin ƙarfen ya bar shi da kaushi.

Sikeli ya nuna manyan cokulan sun rage tsakanin giram 0.7 da 1.1 kowanne. Abin da ya saura ke nan bayan shekarun guga da toka da soson ƙarfe.

Talata, 23 ga Janairu

Guga, kuma nan ne rabin aikin yake. Ruwan azurfa ba ya cike rami, ba ya shafe ƙarzuwa. Yadda ƙarfe ya shiga baho haka zai fito, sai dai ma aibinsa ya ƙara bayyana saboda sheƙi. Mai kaya kan ɗauka bahon ne aikin, alhali minti 80 ɗin baho na zuwa ne bayan awanni a gaban injin guga.

Yatsun cokulan sun cinye ta gefe guda saboda gogar faranti. An miƙe waɗanda suka karkace da gudumar katako a kan gungume, aka daidaita tsayinsu da magagari mai laushi, aka sake zagaye tsinin. Tsakanin yatsu injin ba ya shiga, sai a yanka samfefa siri-siri a ja ta ciki. Cikin manyan cokula biyar akwai ƙananan ramuka da gishiri ya ci. An bi su da samfefa 400, 600, 800, 1200, da ruwa, kowace lamba a gicciye da ta baya, kuma ba a wucewa gaba sai layukan ta bayan sun ɓace gaba ɗaya. Wanda ya tsallake daga 400 zuwa 1200 zai ga layukansa bayan an gama, lokacin da gyara ke nufin cire giram biyu da rabi na azurfa a sake.

Bayan samfefa sai injin: sabulun guga mai ruwan ƙasa a kan ɗinkakken ƙyalle, sannan ja a kan sako-sakon ƙyalle. Kowane sabulu da ƙyallensa, ba a haɗawa. An rufe tambura da salatif lokacin gugar farko, domin juyi kaɗan ya isa ya shafe 'yar tutar nan. Cokali mai lamba 9 raminsa ya yi zurfi, kai wa ƙasansa zai sa cikin ya zama kamar takarda. An bar ramin, an rubuta, za a nuna wa mai kaya.

Litinin, 29 ga Janairu

Lissafi kafin a kunna wuta. An auna faɗin jiki ta hanyar lulluɓe cokali da takardar alminiyam, a yanke rarar, a shimfiɗa a kan takarda mai gida-gida. Babban cokali ko mai yatsu ya kama desimita murabba'i 1, wato santimita 10 sau 10, ciki da baya. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar Jamus: lamba 90 da ake gani a cokulansu na nufin giram 90 na azurfa a kan manyan cokula 12 da masu yatsu 12, kaurin da ya kai wajen maikron 36 (maikron ɗaya cikin dubun milimita ne).

Mu maikron 25 muka nufa. Maikron 1 a kan desimita murabba'i 1 na cin giram 0.105, don haka kowane cokali giram 2.6, guda 24 kuma giram 63. Amfiya 1 na awa 1 tana ajiye giram 4.025 na azurfa. Ana rataye shida-shida, a ba su rabin amfiya kowanne, amfiya 3 ke nan, giram 12 a awa. Giram 15.7 ake so, saboda haka minti 78.

Babban baho lita 20 ne: azurfa giram 30 a lita, sayanayid na fotasiyam da bai ɗaure da azurfa ba giram 90, kabonet giram 20. Ƙaramin bahon share fage, wanda ake fara tsoma kaya a ciki kafin babban, azurfarsa giram 3 kacal a lita, sayanayid ɗinsa mai yawa. Fallayen azurfa zalla biyu mai 999 a jar waya, ɗaya kowane gefe, cikin jakar tacewa, faɗinsu bai gaza na kayan ba. Azurfar 925 ba ta yi, jan ƙarfen cikinta zai narke ya ɓata baho.

Maganar sayanayid ba ta wasa ba ce. In asid ya taɓa shi yana fitar da iskar da ke kashewa cikin mintuna. A shagon nan bahon asid na wani bango, na sayanayid na wani, da bahon ɗauraya biyu a tsakani, fanka na jan iska waje, ba a aiki mutum ɗaya, ba a ci ba a sha a ciki, maganin kuma a kulle yake. Sai wani tarko na nan gida: ruwan da aka tace da tururi ake haɗa baho da shi, kuma a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ruwan batir ake ce masa, amma da sunan nan ake sayar da asid ɗin batir ma. Duk galan da ya shigo sai an tsoma masa takardar gwajin asid a bakin ƙofa. Wanda ba shi da wuri irin wannan da izinin hukumar kare muhalli ya yi gugarsa, ya kai wa masu baho.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Rukunin farko, masu yatsu shida. Jerin ya tafi haka: fetur mai tsabta da buroshi don cire sabulun guga daga tsakanin yatsu, wankin lantarki a ruwan sodar wanki giram 30 da kostik giram 10 a lita, zafi digiri 60, bolt 5, minti 1, ɗauraya, gwajin ruwa, asid salfurik kashi 5 na daƙiƙa 15, ɗauraya sau biyu, share fage daƙiƙa 30 a amfiya 2 kowane cokali, sai babban baho kai tsaye.

Gwajin ruwa shi ne a ɗago cokali a kalle shi rabin minti. In ruwan ya kwanta shimfiɗe ko'ina, ya tsarkaka. In ya tsinke ya yi ɗigo-ɗigo, akwai maiƙo, a koma baya. Daga nan hannu ba ya ƙara taɓa shi, kuma ba a bari ya bushe.

Ana haɗa waya tun kafin a tsoma, a shiga da wuta a kunne. Dalili: farin ƙarfe in ya shiga ruwa mai azurfa da yawa ba wuta, azurfar na hawa kansa da kanta, sako-sako, ba ta kama jiki ba, kuma duk abin da aka ɗora a kanta zai ɓare. Bahon share fage na hana wannan saboda ƙarancin azurfarsa.

Sakamako: jiki ya yi kyau, amma tsinin yatsu ya fito toka-toka da gari-gari. Ƙuna ce. Wuta na taruwa a tsini da baki, ta yi ƙaranci a rami, ga yatsun sun fuskanci ƙasan fallen azurfar daf da daf. An goge ƙunar, an ɗage fallayen yadda ƙasansu zai tsaya santimita 3 sama da tsinin, an zagaya wata waya a ƙarƙashin yatsun ta sace rarar wutar, ana kuma motsa sandar rataya gaba da baya. Ana sauya wurin da waya ta riƙe cokali a rabin lokaci, in ba haka ba ta bar zane.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Rukuni na biyu ya fito da kaushi a fuskar da ke kallon sama. Ƙurar hunturu ce ta zauna a kan ruwa ta nutse. An tace bahon da matacin maikron 5, an yi masa murfi, an mai da injin guga bayan gida.

Rukuni na uku dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya same shi a minti na 41. An ciro kayan nan take aka ajiye cikin ruwa mai tsabta, ba a bar su rataye a baho ba, domin sayanayid na cin azurfa a hankali in ba wuta. Da wuta ta dawo an sake share fage na daƙiƙa 20, aka cika minti 37 da suka rage. Ba su yi ɓawo biyu ba. Yanzu an haɗa na'urar wutar da batirin mota da inbata.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Zafi ya shigo. Da azahar bahon ya kai digiri 33, alhali tsakanin 20 da 30 ake so. Da zafi sayanayid na saurin lalacewa ya koma kabonet, kuma alamar ta fito: fallayen azurfa sun soma yin duhu maimakon fari, bolt na hawa, ma'ana ba sa narkewa yadda ya kamata. An gwada, an ƙara abin da ya ragu. Aiki ya koma bayan asuba zuwa ƙarfe goma, bahon kuma na zaune cikin babbar roba mai ƙanƙara. Ƙanƙarar a waje take, ba a jefa ta ciki.

Manyan cokula sun ƙare. Bayan cokali, inda yake zama a kan tebur, nan ke fara gogewa, don haka an juya bayan ya kalli fallen azurfa a minti 20 na ƙarshe. Ƙarin nauyi tsakanin giram 2.5 da 2.8 kowanne. Cokulan shayi 10 a zubi guda, desimita murabba'i 4.5, amfiya 2.2.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Wuƙaƙe. Ƙotarsu rami ce, an cika ta da ƙaro aka soka ruwan wuƙar. An tsoma ƙotocin a tafasasshen ruwa, ƙaron ya yi laushi, aka zare. Ragowar an narkar da shi da sifirit. Ruwan wuƙaƙen baƙin ƙarfe ne mai tsatsa, irin na kafin ƙarfe marar tsatsa da Harry Brearley ya fitar a Shefild a 1913 ya bazu. Ba za a yi musu azurfa ba, samfefa da mai sun wadatar. An toshe bakin ƙotocin da toshiyar silikon kafin baho, domin ruwan da ya maƙale a ciki yakan tsattsafo daga baya ya yi tabo. An mai da su da gam mai haɗi biyu, wanda ruwan zafi ba ya sassauta shi.

Talata, 20 ga Fabrairu

Buta. An fitar da 'yan ƙusoshin hannun, aka zare zobban ƙashi biyu da ke hana zafi kai wa hannu, aka ajiye su don ruwan baho na cin su. Lotsawa biyu a ciki an turo su daga ciki da sandar katako mai zagayayyen kai, turi ba duka ba, domin wannan ƙarfe na miƙewa ya ƙi komawa.

A gindin bakin butar akwai tsohon liƙin dalma, curi guda, aikin wani mai gyaran rediyo ga alama. Dalma ba ta da wuri a inda shayi ke bi. An kankare ta tas. Liƙin azurfa na maƙeran fari ba ya yiwuwa a nan, butar za ta narke tun kafin shi ya motsa. Ko na kuza da azurfa mai narkewa a digiri 221 ya yi kusa da haɗari. An yi da na kuza da bismut, mai narkewa a 138, da ƙarfen liƙi na lantarki, an naɗe kewayen da jiƙaƙƙen tsumma. Guga a hankali, da sako-sakon ƙyalle kawai, don zafin injin na jan fuskar ƙarfen ta yi dameji. Kostik kuma na cin kuza, saboda haka wankinta da sodar wanki kaɗai, mai ɗumi.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Mazubin sukari aka fara da shi don gwaji, da share fagen azurfa kai tsaye. Ya fito fari tas, amma da aka manna salatif aka fizge, azurfar ta biyo shi a kusa da hannaye kamar ɓawon albasa. Dalilai biyu: ƙarfen Biritaniya ba ya riƙe azurfa sosai sai an yi masa shimfiɗa, kuma liƙin hannayen na asali yana da dalma, wadda asid salfurik ke bar mata wani farin lulluɓi da ɗauraya ba ta cirewa. An cire, an sake: asid fulobarik kashi 5 a madadin salfurik, shimfiɗar jan ƙarfe ta minti 5 har ko'ina ya yi ja, share fagen azurfa, sannan babban baho. Salatif bai ɗauko komai ba, gurza da santsin ƙarfe ma bai tayar da bororo ba.

Buta ta bi wannan hanya. Cikinta wuta ba ta shiga da kanta, sai da aka rataya sandar azurfa a tsakiya, sanye da zoben roba mai tauri don kar ta taɓa jiki, ana kuma juya butar lokaci-lokaci don kumfar da ta maƙale ƙarƙashin kafaɗa ta fita. Inda kumfa ta zauna azurfa ba ta hawa.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Kaya na fitowa daga baho fari ne marar sheƙi. An bi su da buroshin tagulla mai laushi da ruwan sabulu, sannan jan sabulun guga a kan flanel, taɓi kaɗan. An sake aunawa: gugar ƙarshe ta ci tsakanin giram 0.1 da 0.3 a kowane babban cokali, abin da ya rage ya kama maikron 22 zuwa 25.

Ruwan ɗauraya na farko na komawa baho don cike abin da ya ƙafe. Sauran an tara a durom, an ɗaga shi da kostik ya wuce lamba 11 a takardar gwajin asid tukuna, sannan aka zuba bilic, ya kwana, aka gwada. Wannan jerin ba a juya shi. Kwatar layin nan rafin Aboabo take zuba, kuma yara na wasa a bakinta.

Litinin, 4 ga Maris

Hajiya ta aiko ɗanta ya karɓi kaya, da takardar nauyin kowane ɗaya kafin aiki da bayansa, da bayanin cokali mai lamba 9. An rubuta wa amarya: wanki da hannu da sabulu mai laushi, a goge nan take, kar a bar ƙwai, albasa ko gishiri su kwana a kai, ba toka, ba soson ƙarfe, ba man goge baki, ba roba, ba jarida, a naɗe da farin ƙyallen auduga a sa a leda mai zif da ɗan guntun alli, musamman da damina ta kusa. Ba a ɗora butar a kan wuta ko kurfoti, a tafasa ruwa a wata a juye.

Mazubin madara ya rage a shago. Ƙafarsa ɗaya cikin uku ta tsage a gindi, liƙi ba zai riƙe ta ba. An ɗauki zubin lafiyayyar da kakin zuma za a kai wa masu zubin tagulla na Krofofrom, a zuba ta da tagulla, a liƙa da bismut, sannan ya bi hanyar jan ƙarfe irin ta buta. An yi alkawarin bayan sallah.